Baiwa ta Toranke da Wanzamin Cikin Rediyo

Baiwa matar yayana Bubayero ce. An kawo ta Toranke daga Kademi ina da shekara goma sha biyar. Ta zauna a cikinmu shekara talatin da 'yan kai, a nan kuma muka binne ta. Mutanen birni da suka san ɗanta ba su san sunanta ba. Wasu sun sha tambayata wace irin mace ce ta haifi mutum mai baki haka. Nakan ce musu mace ce mai shiru, in bar maganar a nan.

Mu Fulani ne da muka zauna. Shanu sun ragu tun zamanin kakanmu, muka koma noman gero da gyaɗa kamar maƙwabtanmu, Fulatancin ma sai a bakin tsofaffi. Kunya ce kawai ba ta ragu ba. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta kallonsa a fuska, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta yabonsa. In an yabe shi a gabanta sai ta kushe, ko ta tashi ta ba da wuri. Mata da yawa sukan sassauta idan yaro ya girma. Baiwa ba ta sassauta ba. Da ita ake yi wa amare misali.

Ɗan nata sunansa Hadi. Da aka yaye shi aka kai shi Kademi wurin kakarsa Kulu, a can ya tashi. In ya zo Toranke, Adda yake ce wa uwarsa, kamar yayarsa ce. Ita kuwa yaron Kademi take ce masa, da ya girma ya koma mutumin Kademi. Yana ɗan shekara shida ya taɓa faɗowa daga kan jaki a ƙofar gida, goshinsa ya fashe. Tana tsaye da ƙwaryar nono a ka, ba ta sauke ba. Ta juyo ta ce da ni, "Badaru, kana kallo ɗan mutane yana zubar da jini?" Na ɗauke shi na wanke masa ciwon. Da na dawo na tarar rabin nonon yana ƙasa. Kafin wannan rana ban taɓa ganin ta ɓarar da nono ba.

A Kademi aka sa shi makaranta. Daga nan Gaya, daga Gaya Kano, a shekarar 1968 kuma ya shiga jami'a a Zariya, ya karanta adabi da harsuna. Iyakar sanina, tun daga Kademi har Ajingi ba wanda ya riga shi kaiwa can. Bubayero ya fara tafiya kasuwar Ajingi da sabuwar hula. Mahauta da masu awon hatsi suna ce masa baban Di'o, wato uban babban jami'in mulki, yana cewa su bari, amma ba ya saurin wucewa.

Abin da ba mu sani ba, a jami'a Hadi ya shiga ƙungiyar masu wasan kwaikwayo, shi da wani abokinsa Tukur. Da suka gama a 1971 abokan karatunsu suka watsu ofisoshi, aka ba su gidaje da motoci. Su biyun suka tafi Kaduna, gidan rediyo ya ɗauke su. Tukur yana rubutawa, Hadi yana fitowa.

Shirin nasu sunansa Rumfar Maiwada. Ranar Alhamis ake sa shi bayan la'asar, rabin awa. Hadi ne Maiwada Wanzami, tsoho mai surutu, wanda ya san abin da ke cikin tukunyar kowa a garinsu. Yakan aske wa mutum rabin kai, sai gardama ta ɗauke shi, ya ce rabin da ya rage a dawo mako mai zuwa. In zai yi ƙarya sai ya fara da ɗan tari sau biyu. Yaro ɗan shekara ashirin da huɗu, amma in ka rufe ido sai ka rantse tsohon ba shi da haƙoran gaba. Kafin shekara ta zagayo, duk wanda ya yi tari sau biyu a kasuwar Ajingi sai a ce masa, "To, Maiwada, faɗi muna ji." Direbobi suka rubuta sunan a bayan manyan motoci. Hadi ya sayi mota, ya auri wata malamar makaranta mai suna Hanne, jarida ta buga hotonsa.

Bubayero bai ga abin dariya ba. Ya ce da ni, "Shekara goma sha shida ana karatu, a fito wanzami? Wanzamin ma na ƙarya, ko aska ba shi da ita." Ya daina zuwa kasuwa da wuri. A shekarar farin nan ta 1973, wadda ta kwashe mana sauran shanun, shi ma ya tafi. Bai janye maganarsa ba.

Saura uwar. Hadi ya aiko mata da rediyo mai jaka ta fata. Ranar Alhamis ƙanwarsa Indo ta kunna a tsakar gida, matan unguwa suka cika wurin. Ana jin tarin farko Baiwa ta ɗauki faifanta ta fita. Kowa ya gani. Washegari ta ba Indo rediyon ta ce nata ne, ta tafi da shi gidan aurenta. A bakin rijiya mata suka ce mata, "Baiwa, ɗanki ya cika duniya." Ta ce, "Da surutu? Ai ko kazata ta iya wannan." Haka ya kamata ta ce, kowace tsohuwa a wurin ta san haka. Amma maganar ta shiga mota, ta bi ta Gaya, ta isa Kaduna, ba tare da tsofaffin ba.

Ni ma ina da rediyo, tun lokacin da nake koyar da yaƙi da jahilci. A zaurena maza suke taruwa ranar Alhamis. Zauren yana da 'yar taga ta baya, mai kallon wani lungu tsakanin katangata da rumbun yayana, ba mai bi ta nan sai kaji. Wata Alhamis ana cikin shirin na zagaya in ɗauko igiya. Sai ga Baiwa zaune a ƙasa, ta jingina da bango daidai ƙarƙashin tagar. Faifan wake yana kan cinyarta, hannunta ba ya motsi. Ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Na tsaya har aka gama. Na ce, "Matar yaya, waken nan ba ya tsintuwa sai a bayan zaurena?"

Ta ce, "Nan ne da inuwa."

"Tsamiyar gidanku fa? Ta ƙaura?"

"Kai dai ka cika sa ido kamar tsohuwa. Shi ya sa gemunka ya ƙi fitowa."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Badaru, rantse."

"In rantse da me?"

"Ba Indo ba, ba matarka ba, ba mutumin Kademi ba. Ran da wani ya sani, ka raba ni da wurin nan."

Na rantse mata da Allah. A lokacin abin bai yi mini kama da kaya mai nauyi ba.

Tun daga ranar na mai da rediyon kan tagar. Na ce wa mazan zaure a nan ya fi kamawa. Shekara huɗu muna haka, rani da damina. In ruwa ya sauko takan zo da tsohon buhu a ka. Ba ta taɓa ce mini ta zo ba, ban taɓa ce mata na ji motsinta ba. Sai dai wani lokaci in mun haɗu a hanyar gona takan ce, "Wanzamin nan bai kyauta wa mai kan jiya ba." In ce, "Wane wanzami?" Ta ce, "Na cikin akwatinka." Ba ta taɓa haɗa shi da kowa ba. Maiwada wani tsoho ne a wani gari yana magana da duniya duka, ba da ita ba, don haka babu laifi ta saurara.

Sau ɗaya ta tare ni ta ce, "A gaya wa masu akwatin nan su dafa wa wanzaminsu citta da kanumfari. Muryarsa ta toshe." Mu mutum goma sha a zaure ba wanda ya lura. Bayan kwana tara wasiƙar Hadi ta iso, yana cewa mura ta kwantar da shi.

Da kaka ta 1976 Hadi ya zo. An haifa masa ɗa na fari 'yan watanni kafin nan. Ya ce mini yakan zauna yana kallon Hanne tana rungume da yaron, tana kiran sunansa sau ɗari a yini, sai ya rasa abin da ke damunsa. Ya ce an yi masa tayin aiki a wata ma'aikata a Kano, aikin ofis, irin wanda Bubayero ya so. Muna zaune a zaurena, rediyon yana kan taga, bai tambayi dalili ba.

Ya ce, "Bappa, na san al'ada. Ban ce ta kira sunana ba, ban ce ta dube ni ba. Amma akwati fa? Akwati ma sai an guje shi? Baba ya tafi yana jin kunyata. Ba na so ita ma ta tafi haka."

Na ce, "Uwa ba ta ƙin ɗanta."

"Ban ce ta ƙi ni ba. Aikin nake tambaya."

Ya san al'adar, abin da bai sani ba shi ne inda ta tsaya, inda zuciya ta fara. Wanda ya tashi a gidan ma yakan rasa wurin, balle wanda ya tashi a Kademi da ɗakin kwanan makaranta.

Ya ce zai shiga ya tambaye ta da kansa. Na ce ya bari sai gida ya yi shiru. Bai bari ba, don a ranar zai koma. Ya shiga da hantsi, lokacin da tsakar gida take cike. Indo tana nan, matan ƙannenmu biyu suna ɓarar gyaɗa, ga wata maƙwabciya da ta zo aron turmi ta ƙi tafiya. Baiwa tana bakin ɗakinta tana kaɗi. Da ta ga inuwarsa ta juya wa ƙofa baya. Ya cire takalmi, ya durƙusa nesa kaɗan, ya gaishe ta. Ta amsa wa iska. Kamar kullum, ni ne a tsakani.

Ta ce, "Badaru, ka ce da baƙon akwai fura."

Ya ce, "Bappa, ka ce da Adda na gode. Ka ce mata tambaya na zo yi. In aikin nan da nake yi yana sa ta sunkuyar da kai a cikin mutane, zan bari. In ba ta so in bari, kalma ɗaya ta isa."

Masu ɓarar gyaɗa suka tsaya. Maƙwabciyar ta ajiye turmin ta zauna a kai. Na dubi bayan Baiwa. Mazarin yana juyawa, zaren ya tsinke, ta ƙulla, ya sake tsinkewa. Mace ce da aka yi shekara talatin ana nuna ta ga amare, yanzu ga idon mutum biyar a kanta, ana so ta ce tana son abin ɗanta na fari.

Ta ce, "Ni ina ruwana da aikin mutane? Kowa ya yi abin da ya ga dama."

Hadi ya jira. Ba ta ƙara ba. Ya ce, "To, Adda." Ya tashi ya sa takalminsa.

Na raka shi wurin mota. Rantsuwar tana wuyana, maganar tana bakina. Na ce, "Hadi, lungun bayan zaurena, ranar Alhamis kaji ba sa samun wurin kiwo." Ya dube ni kamar na fara rikicewa. Na ce, "Ka yi tunani a kai." Ya ce, "Bappa, kai ma da ka zo Kaduna da mun ba ka fitowa." Ya yi 'yar dariya ba daɗi, ya tayar da mota. Na tsaya ina ganin na faɗa masa. A wurin mutanenmu wannan faɗa ne. Na manta shekara nawa ya yi a inda ake rubuta magana a takarda kafin a furta ta.

Bayan mako shida Maiwada Wanzami ya sanar da mutanen rumfarsa zai tafi hajji a ƙasa. Ya yafe wa kowa, ya ce masu rabin aski su yi haƙuri sai ya dawo. Mazan zaure suka yi ta dariya. Ni ban yi ba.

Alhamis ta gaba aka sa wani malamin gona yana bayanin takin zamani. Zauren ya watse kafin ya kai rabi. Ban kashe ba, don na ji motsin faifai a bayan bango. Ta saurari takin zamani har ƙarshe. Ta sake zuwa, ta sake zuwa. A mako na huɗu ta leƙo ta tagar, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Badaru, batirinka ne ya yi sanyi?"

"Sabo ne."

"To hajjin nan, ba a dawowa?"

Na zagaya na same ta. Na gaya mata mutumin Kademi ya ajiye aikin, ya koma ofis a Kano. Ba ta tambayi dalili ba, ta san shi. Ta daɗe tana juya wake ɗaya a tafin hannu.

Na ce, "Matar yaya, ki sake ni daga rantsuwar nan. Takarda ɗaya zan rubuta."

"Ka rubuta me? Ka ce Baiwa tana laɓe a lungu kamar ɓarauniyar kaza?"

"Shi kaɗai zai karanta."

"Shi ne ai."

Na yi ta kawo dalili, ta bar ni na gama. Ta ce, "Ka rantse ko ba ka rantse ba?" Na ce na rantse. Ta ce, "To." Ta ɗauki faifanta. Amma ba ta daina zuwa ba. Shekara biyu ana yi mata bayanin taki da feshin auduga da allurar shanu, tana zaune, ko wata rana za a ji tari sau biyu.

Hadi bai yi shekara a ofis ba. Ya rame, fayiloli suka taru a gabansa. Lokacin an buɗe talbijin a Kano, Tukur ya dawo can, ya matsa masa. Ya koma wasa, wannan karon ana ganin fuskarsa. Abin ya fi na da nesa ba kusa ba. Mutanenmu masu zuwa birni suka riƙa kawo labari, wai in ya shiga kasuwa sai an buɗe masa hanya, yara suna bin motarsa. Mu a Toranke ko fitilar lantarki ba mu da ita, labarin kawai muke ji.

A damina ta 1978 Baiwa ta fara tari, irin wanda ba ya tafiya. Zuwa kaka ta fara dafa bango in za ta zo lungun. Wata Alhamis na ji ta huta sau biyu tsakanin ɗakinta da rumbu. Da asuba na hau keke zuwa Ajingi, na bar shi wurin wani mai faci, na shiga motar Kano. Da na dawo na ciyar da mutum goma kaffarar rantsuwa. Wannan kam na san yadda ake biyanta.

A wurin ɗaukar shirin na same shi, an manna masa gemun auduga, fitilu suna ta zafi. Ya ja ni wani ɗaki. Wannan karon ban yi zancen kaji ba. Na faɗa masa tun daga igiyar da na je ɗaukowa har zuwa citta da kanumfari. Ya cire gemun a hankali ya ajiye a kan tebur.

Ya ce, "Shekara huɗu?"

"Shida, in ka haɗa da na taki."

"Bappa, ka san abin da ya sa na yarda da talbijin? Na ce babu wuta a Toranke. Na ce ba zai kai mata ba, ba za ta ƙara tashi daga cikin mutane saboda ni ba."

Ya ce, "Ranar nan, a bakin mota, me ya hana ka faɗa?" Na ce na faɗa. Ya dube ni, ya buɗe baki, sai ya tuna ni ƙanin ubansa ne, ya rufe.

Muka shiga neman Maiwada. Filin shirin a rediyo an ba wani tuni. Wanda yake fitowa a mai rabin kai ya rasu, matar da take yin mai ƙosai ta bi mijinta Jos. Tukur ya buga waya Kaduna yana tambayar tef ɗin da aka ɗauka. Aka ce ba a ajiyewa, in shiri ya fita sai a ɗauki wani a kansa. Shekara biyar na Maiwada, ba a sami ko rabin awa ba.

Hadi ya ce in kwana. Da safe ya ba ni rikoda sabuwa da kaset ɗaya a cikin ambulan, ya ce shi kaɗai ya yi, in sa mata ranar Alhamis a inda ta saba. Ban saurara ba kafin in sa. Na ɗauka ya gane. Ban kuma ce masa ga abin da za ka yi ba, don na ga shi ne mai digiri a wannan sana'a.

Ranar Alhamis na ce wa mazan zaure kaina yana ciwo. Na jira har na ji ta zauna, tarinta ya lafa. Na ɗora rikodar a taga na danna.

Babu tsoho, babu rumfa. Muryarsa ce ta gaske, a hankali, kamar yana durƙushe a bakin ƙofa. "Adda, ni ne Hadi. Bappa ya gaya mini komai. Adda, ki yafe mini, ban sani ba…"

Na ji faifai ya faɗi. Kafin in kai hannu in kashe, ya ambaci sunansa sau biyu, ya kira ta sau huɗu. Na zagaya da sauri. Tana tafiya tana dafa rumbu, ba ta waiwayo ba. Wake ya watse a ƙasa, kaji sun taru.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da na ji sauƙi. Washegari na shiga gaishe ta, ta amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo, lafiya lau, madalla. Ba ta ƙara ce mini mai gemun da ya ƙi fitowa ba. Alhamis ta zagayo, ba ta zo ba.

Na aika wa Hadi takarda, na rubuta komai filla-filla. Ya taho da kansa. Tana jin ƙarar mota ta sa Indo ta kama ta suka fita ta ƙofar baya zuwa gidan wata ƙawarta, ba ta dawo ba sai da ya tafi. A da takan zauna ta juya baya ya gaishe ta. Yanzu ya san abin da ke bayan, zaman ba zai yiwu ba.

Ya koma Kano ya tara mutane. Tukur ya rubuta sabon Rumfar Maiwada, suka samo wasu suka cike gurbin waɗanda babu, suka ɗauka a kaset uku, ba don rediyo ba. Na saurara tukuna wannan karon. Maiwada ya dawo daga hajji da haƙorin Makka da ƙarya buhu-buhu, yana neman masu rabin askinsa, su kuwa gashi ya fito ba a san wane gefe aka aske ba. Ban taɓa jin ya yi kyau haka ba. Na sa a zaure, maza suka dawo, aka yi dariya har wani ya shaƙe da goro. Na ƙure ƙarar iyakarta. Ɗakinta yana da nisa da tagar, ga katanga biyu a tsakani.

Lokacin girbin gero na shekarar da ta biyo baya ta kwanta gaba ɗaya. Wata rana da azahar na shiga, Indo ta fita ɗebo ruwa, muka rage mu biyu. Ta juya fuska ga bango. Na zauna a bakin ƙofa ina jan carbi. Can ta ce, "Badaru."

Rabon da ta kira sunana an kusa shekara. Na ce, "Na'am, matar yaya."

"Na ji yara suna cewa wanzamin ya dawo."

"Ya dawo."

"Lafiya ya dawo?"

"Lafiya lau. Har ya yi ƙiba. In ɗauko miki? Ba kowa a gidan, zan ajiye a bakin ƙofa in fita."

Na fara miƙewa. Sai ta ce, "Wancan na da, duniya yake yi wa. Wannan wa aka yi wa?"

Da na iya ƙarya da na ce rediyo ne suka dawo da shi. Na tsaya ina neman yadda zan kewaya, ta ji shirun.

Ta ce, "Bar shi. Na dai tambaya ne."

Ta rasu ranar Litinin ta gaba, da hantsi. Hadi ya iso an riga an kai ta. Ya zauna zaman makoki kwana uku a ƙofar gida, mutane suka zo daga Ajingi da Kademi har da Gaya, wasu don gaisuwa, wasu don su gan shi. A rana ta uku ya kira ni gefe ya tambaye ni ko ta saurari ko ɗaya daga cikin ukun. Na ce masa ta tambayi lafiyar wanzamin. Ya ce, "Bappa, ta saurara ko ba ta saurara ba?" Na ce ba ta saurara ba.

Ya koma Kano da la'asar. Suna da ɗaukar shiri washegari.